Guddirawa, Kada Mu Bari Wutar Magina Ta Mutu

Jama'ar Azare, jama'ar Katagum, mutanen Gamawa da Shira da Giade da Itas da Gadau da Madara da Chinade, maza da mata: Zancen tukunya na zo da shi. Na san wani zai yi murmushi ya ce ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wannan kuma ya taso mu gaba da maganar yumɓu. To, a yi haƙuri a saurara, don maganar yumɓun nan ta taɓa aljihunmu, ta taɓa lafiyar 'ya'yanmu, ta kuma taɓa samarin da ke zaune a bakin titi tun hantsi har la'asar ba aikin fari ba na baƙi.

Ku leƙa ɗakin duk amaryar da aka kai cikin watan nan a kowace unguwa ta Azare. Ku dubi jeren da iyaye suka yi mata: farantan tangaran, kofunan shayi, kwanonin miya masu murfi, butar shayi mai zanen fure. Ku ɗauki ɗaya ku juya gindinsa, ku karanta inda aka yi shi. Galibi Sin za ku gani. Uba ya sayar da buhunan gero, ko ya kai ɗan bijiminsa kasuwa, kuɗin suka bar Azare suka tafi Kano, daga Kano suka gangara Legas, daga can suka haye teku. Alhali shi tangaran ɗin nan ba komai ba ne illa ƙasa da aka kwaɓa, aka shafe ta da garin dutse, aka gasa. Ƙasa muke saye da dala, mu da ƙasa ta yi wa yawa har iska na kwasarta tana zuba mana a ido.

Daga ɗakin amarya ku wuce kasuwa, can gefe inda ake kife tukwane da randuna da kasake. Ku dubi masu sayarwa, ku dubi shekarunsu. Ku tambayi maginiya ko 'yarta na koyon sana'ar, ku ji amsar da za ta ba ku. Sana'ar da ba ta da ɗan koyo, ranar da mai ita ya kwanta dama ake binne ta tare da shi.

Ba ƙaramin abu ne za mu binne ba. A Gajiganna ta ƙasar Barno masu tonon tarihi sun samo tukwanen da aka gina wajen shekara 1,800 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kuma duniya ta san sunan Nok ne saboda yumɓun da aka gasa. Tun kafin Malam Zaki ya kafa birnin Katagum a farkon ƙarni na 19, tun kafin a dawo da fadar masarauta Azare a zamanin Turawa, duk wanda ya sha ruwa a ƙasar nan daga randa ya sha, duk wanda ya ci tuwo a tukunyar ƙasa aka tuƙa masa.

Masu raina aikin nan ba su taɓa tsayawa sun kalle shi ba. Idan ruwa ya janye daga fadama, maginiya ta san ramin da za ta je, don ba kowace laka ce yumɓu ba. Ta haƙo, ta shanya, ta dake, ta jiƙa, ta tsince tsakuwa da saiwa. Sai ta kawo tsingaron tsofaffin tukwane ta daka shi ya zama gari, ta haɗa, wani lokaci da ƙaiƙayi, ta yi ta cuɗawa har ya yi danƙon da hannunta kaɗai ya san iyakarsa. Ta kife tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka don kada ya manne, ta shimfiɗa yumɓun a kai tana bubbugawa har gindi ya fito, kauri ɗaya ko'ina. Idan ya ɗan sha iska ta ɗaga, ta ɗora kafaɗa da wuya da baki. Sannan ta shafa jar ƙasa, ta goge da dutse mai sulɓi har jikin ya riƙa ɗaukar ido. Ranar gashi a jera tukwane, a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Wasu maginan, tun tukunya na da zafi jau, sukan yayyafa mata ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ya yi ƙara ya tashi da tururi, ya bar mata duhun launi ya kuma rage mata tsatsafo. Babu ma'aunin zafi, babu agogo. Da launin wuta da ƙarar da tukunya ke yi idan an ƙwanƙwasa ta ake gane ta gasu.

Garin tsingaron nan da ƙaiƙayin su ne sirrin da ya sa tukunyar ƙasa ke zama kan murhu wuta na lasar gindinta ba ta tsage ba. Ƙananan ƙofofin da suka bari a jikinta su ne kuma ke sa randa sanyi: ruwa na tsatsafowa waje, iska na busar da shi, yana tafiya da zafin na ciki. A watan Afrilu, lokacin da zafin Azare ke haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ta yi ɓatan dabo, randar da ke ƙarƙashin inuwa ba ta tambayar kowa kuɗin mita. Amma mun jefar da ita mun rungumi jarkar roba da ruwan leda, ledar kuma ta toshe mana magudanai, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna.

Wani maƙwabcinmu ya nuna wa duniya abin da ke cikin wannan sanyin. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, wanda ya tashi a gidan magina, ya ɗauki tukunya biyu, ƙarama a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da ɗanyen tsumma. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai suka yi mako uku. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka yi dubban farko ya raba a ƙauyuka, kuma a shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo da dala 75,000. Daga Dutse zuwa Azare tafiyar hantsi ce. Masu lambu a bakin kogin Jama'are nawa ne suka mallaki irin wannan tukunya? Tumatir nawa ke ruɓewa a kwando kowace kaka?

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ƙofofin da suka sa randa sanyi su ne suka hana kwanon ƙasa hawa tabarmar baƙo. Mai na shiga jikinsa, warin miyar jiya na maƙalewa, wanki ba ya fitar da shi tas. Uwargidan da ta koma tangaran ba ta yi laifi ba, tsafta ta bi. Abin da ya rage wa maginanmu su ƙwato wannan kasuwa shi ne sanin shafen gilashi, wannan fatar mai sheƙi da ke jikin faranti, wadda ruwa da mai ba sa ratsawa.

Ba tsafi ba ne, kuma ba sai an je Turai ba. Abu uku ake haɗawa. Na farko sinadarin da ke cikin yashi da farin dutse, wanda shi ne yake zama gilashi, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,700. Don haka ake kawo masa abin da zai sa ya narke da wuri, kamar tokar itace ko garin wani ɓangare na dutsen kwalta mai launin fari ko ja-ja, wanda masana ke kira feldspar. Na uku yumɓu ne, shi ke riƙe narkakken gilashin kada ya zubo ya tsiyaye daga jikin kwano. Wani tsohon haɗi da masu wannan sana'a ke farawa da shi a ƙasashe da dama shi ne kashi 40 na toka, kashi 40 na garin dutsen, kashi 20 na yumɓu. A tankaɗe, a dama da ruwa ya yi kaurin kunu, a tsoma kwanon da aka riga aka yi wa gashin farko, a mayar da shi tanderu har zafi ya kai wajen digiri 1,250. Idan ya huce aka buɗe, garin nan mai launin toka ya zama gilashi. Ɗan ƙarfen da ke cikin ƙasa shi ke ba da launi: idan kaɗan ne kuma aka taƙaita wa wuta iska, sai ya fito kore-kore, idan da yawa ne ya fito ruwan zuma ko baƙi mai sheƙi. Mutanen Sin sun gano haka fiye da shekara 3,000 da suka wuce, da suka lura tokar da ke sauka kan tukwane cikin tanderu tana narkewa. Musulmin Basra a ƙarni na 9 suka ƙirƙiro farin shafe da ado mai walƙiyar zinariya, har yau birnin Fas na Maroko na cin abinci da wannan gado.

Yanzu ku lissafa abin da ba mu da shi. Toka? Kowace safiya mata na kwashe ta daga murhu suna zubarwa a juji, masu gidan burodi kuma na neman inda za su kai tasu. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa, idan aka ƙona shi, mafi yawan tokarsa sinadarin gilashi ce, kuma mutanen Japan sun daɗe suna yin wani farin shafe mai kyau da ita. Mu kuwa shinkafar fadamun Gadau da Zaki da Jama'are ɓuntunta hayaƙi kawai yake zama. Dutse? Ga duwatsun Shira nan tsaye. Farin yumɓu mai jure wuta, wanda ake kira kawolin? Alkaleri a jiharmu ta Bauchi ta yi suna da shi, manyan motoci na kwasarsa suna kai wa masana'antun wasu jihohi. Da shi ake yin jikin tangaran, da shi kuma ake yin bulon gina tanderun kansa. Jan yumɓun fadamarmu ba zai jure zafin digiri 1,250 shi kaɗai ba, zai lanƙwashe ya narke, dole a gauraya shi da farin. Amma wannan saurin narkewar tasa ta sa shi ma yana shiga haɗin shafe. Abin da ya rage mana tanderu ne, da malami, da niyya.

An taɓa yin haka a Arewa, kuma shaida na cikin aljihunku. Ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta koyi gini a hannun wata 'yar uwar iyayenta tun tana yarinya, ba ta kuma yi karatun boko ba. A farkon shekarun 1950 gwamnati ta sa wani Bature mai suna Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanenta, don Sarki na saye yana ajiyewa. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ba ta yar da ginin hannu da zanen ƙadangare da kifi da kunama da ta gada ba, ta dai ƙara musu shafen gilashi da wuta mai ƙarfi. Aka nuna aikinta a Landan, ta zagaya Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Ku lura da abu guda: sarki ne ya fara ganin darajar aikinta, kafin Bature ya gani.

Akwai kuma darasi mai ɗaci a labarin. Kayan cibiyar Abuja sun fi shiga gidajen Turawa da manyan ma'aikata, talaka bai iya kuɗinsu ba. Rassan da aka buɗe a Kano da Sakkwato ba su yi tsawon rai ba. Randar da aka shafe da gilashi ta yi kyau a ɗakin nuni, amma ta yi nauyi, ta kuma daina sanyaya ruwa. Duk da haka irin bai mutu ba: ɗaliban wannan makaranta sun kafa wuraren aiki a Minna da Mararrabar Kaduna, a Bwari da Ushafa ma ana gini har yau. Mu namu kada ya zama na 'yan yawon buɗe ido. Kwanon fura muke so, da kofin shayi, da farantin shinkafa, da mazubin man shanu da na zuma, a farashin da malamin firamare zai saya bai yi tsaki ba. Randa da tulu da tukunyar miya da tandar masa a bar su yadda suke, shafe ɓata su zai yi. In za a taɓa randa, a ƙanƙance bakinta, a yi mata murfi, a sa mata famfo a ƙasa, don hannu da moɗa su daina shiga ruwan sha. Wanda ya tuna yadda kwalara ta yi wa jihar Bauchi a 2021 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ga gargaɗi, kuma da babbar murya nake yinsa. Akwai gajeriyar hanya ta samun sheƙi da ƙaramar wuta, ita ce zuba dalma a cikin haɗin, har wasu a wasu ƙasashe kan fasa tsohon batirin mota su ɗebo. Kada wanda ya kawo mana wannan bala'i. Tsamiya da lemon tsami da tumatir da nono suna narkar da dalmar daga jikin kwano ta shiga abinci, ta taru a jinin yaro ta lalata masa ƙwaƙwalwa. Mutanen Meziko na fama da wannan har gobe saboda tukwanensu. Mu kuma ba mu manta Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Shafen toka da dutse ya fi cin wuta, ya fi cin lokaci, amma babu dalma a cikinsa. Shi za mu bi, ko mu haƙura.

Maganar wuta ma a duba ta tun yanzu. Hamada na matso mu daga arewa, ba za mu sare sauran itatuwan Gamawa da Zaki don gasa faranti ba. Akwai tanderun gas, akwai wanda ake hurawa da ɓuntu da kara, kuma tanderu mai rufi da aka gina da bulo mai riƙe zafi yana tsimin makamashi fiye da wutar fili.

Saboda haka, Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruk na Biyu. Ranka ya daɗe, abin da fada ta ɗaga shi talakawa ke ɗagawa. A sa hakimai da dagatai su ƙirgo maginan da suka rage a kowace gunduma, a san su, a san ramukan da suke haƙar yumɓu, a hana a yanka ramukan nan a sayar a matsayin filaye. Ranar hawan salla a sha ruwa a fada daga randar ƙasar Katagum, baƙon da ya zo gaisuwa a sallame shi da kwanon da aka gina a nan.

Malamanmu na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na jami'ar jiha da ke Gadau, ku ne masu ɗakunan gwaji. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da ta Ahmadu Bello a Zariya suna da sassan da ake koyar da aikin tangaran, kuma kowace shekara ɗalibai na rubuta kundaye kan yumɓu da shafe, a ɗaure su da baƙar fata a jera a kanta ƙura ta rufe. Ku ɗauko su. Ku rubuta wa asusun TETFund takardar neman tanderu ɗaya tak a Azare. Ku ɗebo yumɓu daga fadamu daban-daban ku gwada, ku rubuta sakamakon da Hausa yadda maginiya za ta ji idan an karanta mata. Kuma idan kun buɗe ajin, ku ɗauki tsohuwar maginiya a matsayin malama mai albashi, kada ku kira ta ranar biki kawai ku ɗauke ta hoto. Likitocin Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Azare, naku shi ne ku tsaya kan gwajin dalma, kada kwano ya fita kasuwa sai an tabbatar da shi.

Alhazan gari masu gina gidan mai a kan gidan mai, kuɗin tanderu da injin niƙa dutse da rumfar aiki ba su kai kuɗin tankin mai guda da kuke binnewa a ƙasa ba. 'Yan siyasa masu rabon babura da kekunan ɗinki, kun cika gari da teloli har sun fi masu ɗinki yawa, ku gwada wani abu dabam. Shugabannin ƙananan hukumomi, rumfa mai inuwa a tsakiyar kasuwa muke nema wa masu tukwane, a tashe su daga bakin kwata.

Samari da 'yan mata, na san abin da ke ranku: aikin laka ne, aikin tsofaffi, aikin ƙauye. Wanda ya yi farantin da kuke ɗauka hoto da abinci a kai kuna sawa a Facebook, shi ma laka ya taɓa, kuma ya sayi mota da kuɗinku. Kuna da waya, kun iya talla, kun iya zane. Kakanninku suna da hannu da sanin ƙasa. Ku je ku durƙusa ku ce, “Inna, koya mini,” tun tana iya ɗaga tsingaro.

Ku kuma iyayenmu magina, Baba da Inna, a yi haƙuri da mu. Mun daɗe muna taya randar da kuka yi mako kuna aikinta da kuɗin da bai kai na katin waya ba. Amma ku ma ku buɗe ƙofa. Zamanin ɓoye sana'a a cikin zuri'a ɗaya ya wuce, tunda zuri'ar ta tafi acaba. Ku haɗa kai ku yi ƙungiya, ku sa farashi, ku riƙa buga tambarin garinku a gindin kowace tukunya, mai saye ya san daga inda ta fito.

Iyaye mata, Hajiya uwar amarya da gwaggo da inna masu haɗa kayan ɗaki, ragamar tana hannunku, don abin da kuka sa a jere shi kasuwa ke kawowa. Ba a ce ku fasa tangaran ɗin da kuka saya ba. A kayan kowace amarya ta bana a sa randa mai murfi, da tukunyar miya, da kaskon turare, da asusu, duk ginin ƙasar nan. Masu masallatan unguwa, a dawo da randa ƙofar masallaci kafin zafin bazara ya shigo. Masu sayar da fura da masu shayi, ku tambayi magina abin da za su iya yi muku. Ranar kasuwa mai zuwa kowane magidanci ya ratsa ta wajen masu tukwane, ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta yi ƙara garau ya biya abin da aka ce masa ba tare da ya raba kuɗin biyu ba, ya kuma tambayi sunan garin da aka gina ta da sunan ranar da ake gashi, ya kai yaransa su gani.